Muhawara: Shin manhajar taswirar haɗari za ta yi mana aiki a lungunan Kano?

Injiniya daga Gwale:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da magana da nake so a tattauna kafin damina ta kankama. Kwamitin agajin gaggawa na ƙungiyar unguwarmu ya ɗora mini aikin rubuta tsarin abin da za mu yi idan gobara ta tashi ko ruwa ya shiga gidaje, sai wani matashi daga cikinmu ya kawo shawarar mu yi amfani da manhajar kwamfuta iri biyu. Ta farko ita ce wadda ake zana taswirar haɗari da ita, a nuna inda ruwa ke kwanciya, da gidajen mai, da masu sayar da gas, da taransifomomi, da hanyoyin da mota za ta iya bi. Ta biyu kuwa kundi ce ta tafiyar da aikin gaggawa, inda ake rubuta wanda ya kira, da ƙarfe nawa ya kira, da wanda aka tura, da abin da ya rage ba a yi ba. Abin da nake son ji daga masu sani shi ne, shin waɗannan abubuwa sun dace da ƙaramin kwamiti irin namu wanda ba shi da ofis, ko kuwa kaya ne na hukumomin agajin gaggawa na gwamnati, NEMA da SEMA, kaɗai, mu mu tsaya a kan littafi da biro?

Baba, tsohon ɗan kwana-kwana:

Wa alaikumus salam. Injiniya, na yi shekaru masu yawa a kan motar kashe gobara kafin in ajiye aiki, kuma ban taɓa ganin ranar da rashin taswira ya hana mu sanin inda wuta take ba, domin hayaƙi da ihun jama'a su ke yi mana jagora. Abin da ke tsayar da mu abu biyu ne, hanya da ruwa. Akwai wani dare a lokacin hunturu da muka je cikin birni, muna ganin harshen wuta da idanunmu, amma lungun bai ɗauki motar ba, kuma a bakinsa an kafa rumfar biki. Sai da muka zagaya ta wata hanya, muka haɗa mesa a kan mesa, kafin ruwa ya isa ɗaki biyu sun riga sun ƙone. Da tankinmu ya ƙare kuma, 'yan ga-ruwa ne suka rufa mana asiri. To ka gaya mini, ɗana, wace manhaja ce za ta faɗaɗa lungu ko ta cika tanki?

Malama mai koyar da Labarin Ƙasa:

Baba, Allah ya ƙara girma. Labarin da ka bayar shi ne ma babbar hujjar masu son taswira, idan ka yi mini izini in faɗa. Manhaja ba za ta faɗaɗa lungu ba, wannan gaskiya ne, sai dai da a ce direbanku ya san faɗin kowane lungu tun kafin ku bar tasha, da ba ku nufi wancan bakin ba tun farko, kuma da an san cewa akwai gida mai rijiyar burtsatse da babban tanki a layi na gaba, da ba a jira 'yan ga-ruwa ba. Abin da kuka sani a cikin kanku bayan shekaru talatin, shi ake so a zuba a taswira domin yaron da ya fara aiki jiya ya amfana.

Injiniya, amsar tambayarka ita ce kuɗin manhaja ba shi ne matsala ba. QGIS, manhajar zana taswira, kyauta ce, kuma tana aiki a kan kwamfutar tafi-da-gidanka ta talaka ko babu intanet. OpenStreetMap taswirar duniya ce da kowa zai iya gyarawa ya ƙara abin da ya sani. KoboToolbox da ODK suna ba ka damar tsara takardar tambayoyi a waya, mai aiki ya shiga lungu ya cike ta, ya ɗauki hoto da lambobin wurin, sai ya samu sabis sannan ya tura. A Dar es Salaam ta Tanzaniya, daga 2015, ɗalibai da mazauna unguwanni sun yi irin wannan aiki a shirin da ake kira Ramani Huria, suka bi magudanan ruwa da ƙafa suna auna su. Abin da ke cin kuɗi da lokaci shi ne tattakin da gyaran bayanai, kuma nan ne yawancin masu zumuɗi ke gajiya.

Alhaji ɗan Kantin Kwari:

Ni ɗan kasuwa ne, ban san kwamfuta ba, amma na san asara. A watan Agustan 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa dilolin atamfa da shadda da leshi, kuma wanda ya ga yadda ake shanya kaya a kan tituna washegari ba zai manta ba. Kafin nan, a 2016, an yi gobarar Singa, aka zo aka yi ta kasuwar Sabon Gari wadda ta cinye dubban shaguna. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, sunan wurin kansa Kwari, kalmar da ke nufin ƙasa mai gangare inda ruwa ke taruwa. Saboda haka ba sanin haɗarin ne ya yi mana ƙaranci ba. Kowa a layinmu zai iya nuna maka kwatar da ta toshe da shara da wadda aka yi gini a kanta. Malama, idan kin zana wannan da jan launi a kwamfuta, wa zai rushe ginin?

Malama mai koyar da Labarin Ƙasa:

Alhaji, taswira ba ta rushe gini, amma tana sauya yadda ake kai ƙorafi. Idan ƙungiyarku ta je wa hukumar tsara birane ta KNUPDA ko ta kwashe shara ta REMASAB da cewa kwatoci sun toshe, magana ce da kowa ke yi kowace shekara. Idan kuwa kuka je da takarda mai nuna wuraren ɗaya bayan ɗaya, kowanne da hotonsa da ranar da aka ɗauka da tsawon da ruwa ya kai a bango, to kun ba jami'i abin da zai iya ɗora aiki a kai, kuma kun ajiye shaida ko da an sauya shi.

Sai dai ina so in ja hankali kan wani kuskure da nake gani wajen ɗalibai. Sukan sauko da bayanan tudu da kwari na SRTM, waɗanda aka auna daga sararin sama a shekarar 2000, su sa manhaja ta fitar musu da hanyar ruwa, su ɗauka sun gama. Kowane ɗigo a wannan ma'auni yana wakiltar kimanin mita 30 a ƙasa, alhali lungun cikin birni wani bai kai mita biyu ba. Kuma Kano, in ka cire Dala da Goron Dutse, shimfiɗaɗɗen gari ne, inda bambancin taku biyu ke raba gidan da ruwa zai ci da wanda zai tsira. Irin waɗannan bayanai suna da amfani idan ana maganar manyan koguna, kamar abin da zai biyo bayan sakin ruwa daga Tiga ko Challawa, ko irin ɓallewar madatsar Bagauda a 1988. Ambaliyar cikin gari kuwa daga kwata da kwalbati da kududdufin da aka cike take fitowa, kuma tauraron ɗan adam ba ya ganin ledar da ta toshe kwalbati. Wanda ke son sanin inda ruwan Jakara ke bi idan ya yi fushi, ya tambayi tsohuwar da ta shekara hamsin a gefensa, sannan ya rubuta amsarta a taswira.

Ma'aikacin lafiya daga Dala:

Ina so in ba da shaida a kan abin da na yi da hannuna. Mu a fannin lafiya mun riga mun bi wannan hanya a yaƙin cutar shan inna. Da can da hannu ake zana taswirar mazaɓa, kuma mai zanen yakan zana abin da ya sani ne kawai, sai a bar rugage da sababbin unguwanni a waje ba tare da kowa ya lura ba. Daga wajajen 2012 aka fara amfani da hotunan tauraron ɗan adam, aka kuma ba masu rigakafi wayoyin da ke nuna inda suka taka, sai aka ga wuraren da ba a taɓa shiga ba. An kafa cibiyar ayyukan gaggawa a nan Kano, kuma ƙungiyar eHealth Africa da ke da mazauni a garin nan ta yi aiki sosai a ɓangaren taswirar. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar (wadda ake kira ta daji) ta kama a jiharmu a Sumaila yake, a watan Yulin 2014, kuma a Agustan 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da wannan nau'i.

Amma abin da mutane ba su cika faɗa ba shi ne zaman yamma. Kowace rana a lokacin zagaye sai an zauna an duba abin da wayoyi suka nuna, a tambayi shugaban tawaga dalilin da ya sa ba a shiga wancan layi ba, washegari a koma. Da babu wannan zama, da taswirar ta zama ado a bango. Injiniya, kafin ku sauko da kowace manhaja, ku fara amsa wannan: wa zai riƙa kallon allon, kuma idan ya ga abu, wa zai kira, kuma wanda aka kira zai ji maganarsa?

Injiniya daga Gwale:

Malam, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Watan jiya mun yi ɗan atisaye a zauren WhatsApp na unguwa, muka ce a ɗauka wuta ta tashi a wani shago, kowa ya kawo rahoto yadda zai yi a gaske. Cikin minti goma muka samu saƙonni fiye da yadda mutum ɗaya zai iya karantawa. Wani ya ce a bayan masallaci, wani ya ce kusa da mai shayi, wani ya kira layin da sunan attajirin da ya rasu tuntuni, har sakatarenmu ya rubuta gobara uku alhali guda ɗaya ce. Sannan mutum huɗu suka ce sun kira lambar gaggawa ta 112, babu wanda ya tuna da a kashe wutar lantarki. Wannan ne ya sa na fara ganin amfanin kundi guda, mai lamba ga kowace aukuwa.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta daga BUK:

Ranka ya daɗe Injiniya, wannan matsala ta maimaita rahoto tsohuwa ce a wannan fanni. Ushahidi, wadda aka ƙirƙira a Kenya a farkon 2008 lokacin rikicin bayan zaɓe, aka kuma yi amfani da ita bayan girgizar ƙasar Haiti a 2010, tana karɓar rahotannin jama'a ta ɗora su a taswira, amma dole a samu mutanen da za su tantance kafin a amince da rahoto. Sahana ma, manhajar tafiyar da aikin agaji, an gina ta ne a Sri Lanka bayan ambaliyar teku ta 2004. Ga kwamiti irin naku, ni a ganina waɗannan sun yi nauyi. Shafin lissafi guda a waya ya isa, matuƙar yana da gurbin lambar aukuwa, da lokaci, da wuri, da wanda aka ɗora wa aiki, da ko an kammala.

Batun sunaye kuma ya fi yadda ake zato wahala. Wani zai rubuta Ƙofar Na'isa da ƙugiya, wani ya rubuta Kofar Naisa, wani ya haɗe kalmomin, kwamfuta kuwa ta ɗauke su wurare uku. Haka Gyaɗi-Gyaɗi. Maganinsa shi ne a yi jerin sunaye, kowane wuri a ba shi lamba ɗaya, a rubuta duk laƙabin da aka san shi da su a ƙarƙashinta, har da sunan mai shayin.

Baba, tsohon ɗan kwana-kwana:

Wannan yaro ya yi magana. Idan har za a rubuta laƙabin lunguna, to na yarda akwai amfani, domin mun sha ɓata lokaci a waya muna tambayar wane masallaci ake nufi. Amma ina da sharaɗi. Duk abin da kuka zana, ku buga shi a babbar takarda, ku sa mata leda, ku ajiye ɗaya a gidan mai unguwa, ɗaya a tashar kwana-kwana mafi kusa. Ranar da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya babu wuta, sabis yana ɗaukewa, waya kuma ta mutu a aljihu. Sannan a wurin wuta mutum ɗaya ne ke ba da umarni. Na ga inda manya uku suka tsaya kowa na nuna wa direba hanya daban.

Ma'aikacin lafiya daga Dala:

Baba, abin da ka faɗa na ƙarshe shi ne ginshiƙin tsarin jagorancin aukuwa da aka fara a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, bayan gobarar daji ta nuna cewa hukumomi da yawa suna aiki a wuri ɗaya ba tare da sanin wa ke gaba ba. Yawancin manhajojin tafiyar da aikin gaggawa a kan wannan tsari aka gina su: jagora ɗaya, mai kula da aiki a fili, mai kula da kayan aiki, mai tsare-tsare, mai kula da kuɗi. Idan ba a raba waɗannan muƙamai tsakanin mutane tun da rana tsaka ba, gurabensu a manhaja za su zauna babu kowa.

Injiniyar sinadarai daga Sharaɗa:

Na ga an tsaya a kan ruwa da wuta, bari in ƙara na uku. Muna da masana'antu a Bompai da Sharaɗa da Challawa, kuma gidaje sun riga sun kewaye su. Akwai wuraren da ke ajiye ammoniya domin sanyaya kaya, akwai kulorin na tace ruwa, ga kuma shagunan gas ɗin girki da suka cika unguwanni. Hukumar kare muhalli ta Amurka tare da hukumarsu ta teku da yanayi suna da jerin manhajoji kyauta da ake kira CAMEO. A cikinsu akwai ALOHA, wadda za ka ba ta sunan sinadari da yawansa da ƙarfin iska da inda ta dosa, sai ta zana maka yankin haɗari launi uku, ja da ruwan lemo da rawaya, ka ɗora shi a kan taswira ta hanyar MARPLOT ko Google Earth.

Abin lura a Kano shi ne iskarmu tana juyawa da lokaci. A hunturu daga arewa maso gabas take busowa, wato abin da ya tsere daga Bompai zai doshi cikin gari. Da damina kuwa daga kudu maso yamma take zuwa, sai abin da ya tsere daga Sharaɗa ya zama shi ne zai doshi cikin gari. Saboda haka kowane wuri yana buƙatar zane biyu aƙalla. Kuma kulorin da gas ɗin girki duk sun fi iska nauyi, suna kwanciya a kwari da cikin kwata, don haka wanda ya gudu gangare ya gudu tare da su. Sai dai ALOHA tana ɗaukar ƙasa a matsayin fili ne, ba ta san katanga da lungu ba, don haka ƙiyasi take bayarwa na tsara shiri, kada a tsaya a kan layinta a ce nan ne iyakar haɗari.

Barista:

Ku yi haƙuri in shigo da abin da ba a so a ji. Na ga ana maganar a rubuta gidan da ke da tanki, wasu kuma za su so a rubuta inda tsofaffi da masu lalura da masu juna biyu suke domin a fara kwashe su. Niyyar mai kyau ce, amma wannan bayanan sirrin mutane ne, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗauki bayanan lafiya a matsayin masu buƙatar kulawa ta musamman. Taswirar da ke nuna gidan da tsohuwa ke kwana ita kaɗai, ko shagon da aka tara kaya masu tsada, idan ta faɗa hannun ɓarawo ta zama jagorarsa. Shawarata a raba taswirar gida biyu. Faɗin lungu da kwata da kwalbati da taransifoma a sa su a OpenStreetMap kowa ya gani. Abin da ya shafi cikin gida kuwa a nemi yardar mai gida, a rubuta ta, kuma kada ya wuce hannun mutum biyu ko uku.

Alhaji ɗan Kantin Kwari:

Barista, akwai wani tsoron ma da ya fi na ɓarawo a wajen ɗan kasuwa. Idan yara suka zo da waya suna ɗaukar hoton shago suna tambayar me aka ajiye a ciki, abin da zai fara zuwa ran mai shago shi ne haraji ko rusau. Ba zai faɗi gaskiya ba, wataƙila ma ya kore su. Kada kowa ya shiga layi sai da shugaban layin a gabansa, a unguwa kuma sai da mai unguwa ko wakilinsa.

Malama mai koyar da Labarin Ƙasa:

Na yarda da Alhaji ɗari bisa ɗari. Ina ƙara cewa kada ku ce za ku zana Gwale gaba ɗaya. Ku ɗauki yankin mai unguwa ɗaya, ku tambayi abu biyar kawai: faɗin lungu a wurin da ya fi matsewa, inda ake samun ruwa mai yawa, kwatar da ke toshewa, wurin da ake sayar da mai ko gas, da filin da jama'a za su taru. Hasashen damina na hukumar yanayi ta NiMet da na ambaliya na hukumar nazarin ruwa ta NIHSA suna fitowa kowace shekara kafin ruwa ya sauka, amma a dunƙule suke magana, ku ne za ku sauko da su zuwa matakin layi. Sannan ku sa ranar sabuntawa sau biyu a shekara, kafin damina da kafin hunturu, domin lungun da aka auna bana yana iya samun sabon shago ko dakali baɗi.

Injiniya daga Gwale:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi magana da mai unguwarmu bayan sallar Isha'i, ya amince zai haɗa mu da wakilinsa ranar Asabar da ƙarfe 7 na safe, kafin a buɗe shaguna. Za mu fara da layuka shida. Ɗalibinmu na BUK ya ce zai tsara takardar tambayoyin a KoboToolbox, Malama kuma ta ce za ta duba ta kafin Juma'a. Abin da ba mu warware ba shi ne wanda zai riƙe ɓangaren sirri da Barista ya ambata, domin wasu na ganin mai unguwa ne, wasu na ganin limami da shugabar mata, kuma mun bar shi sai zaman kwamiti na gaba. Baba, muna roƙon ka zo ka nuna mana faɗin da mota ke buƙata.

Baba, tsohon ɗan kwana-kwana:

Zan zo in sha Allahu. Ku tanadi tef ɗin awo mai tsawo, kada ku dogara da waya wajen auna faɗi. Kuma ba faɗi kaɗai za ku auna ba, ku ɗaga kai ku duba wayoyin lantarki da rumfunan kwano da suka sauko ƙasa, da kwanar da mota za ta karya, domin lungu yana iya ɗaukar mota a miƙe amma kwanarsa ta hana ta shiga. A turo mini wanda zai ɗauke ni a babur, gwiwata ba ta son doguwar tafiya.